Lambar Tsohuwa Tana Hannun Kafinta (Shafi na 9)

Masu ta cewa a ci gaba, a ci gaba, na ji ku. Ba zaman banza nake ba, ina da hanya. Ni ke faɗa, 'yata Auta ke bugawa a wayarta, kuma na gargaɗe ta kar ta ƙara gishiri.

Mun tsaya a ofishin harajin mota.

Ga wanda ya shigo yanzu: Tsohuwa akori-kurata ce. Da ita nake kai wa 'yan kasuwa kaya, da ita na riƙe gidana har yaran suka yi gemu. Harajinta ya kusa ƙarewa, kuma an ce daga wata mai kamawa duk motar da ba ta biya ba za a ja ta. Ni kuwa ba a taɓa jan motata ba.

Tun gashina yana baƙi nake zuwa ofishin nan da ƙafata. In tsaya a taga, in miƙa, a buga hatimi, in ninke takarda in sa a aljihu. Rannan sai na tarar an toshe tagar da katako, an manna wani zane mai ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda.

Mai Hatimi, wanda ya saba buga mini takarda, yana zaune a baranda kan kujerar roba, hannunsa ba komai.

"Mai Hatimi, ina hatimin?"

"Yana cikin durowa, Baba. Ya riga ni ritaya."

"To wa zai karɓi harajina?"

"Waya."

"Tawa ta kira ce da amsawa."

"Ai ga Auta nan. Ta zauna in nuna mata."

Barandar cike take da direbobi, kowa da damuwarsa. Wani ya ce shekarar da aka fara tambayar lambar waya, ta wani fasinja ya bayar, ko sunansa bai sani ba. Wani ya ce layinsa ya bi wando cikin wanki. Wani dattijo ya riƙe wayarsa a ƙirji yana cewa, kullum ana yi mana wa'azi kar mu ba kowa lambar sirri, yau kuma an ce mu zuba ta a cikin ɗigo-ɗigo, wanne za mu ɗauka?

Ban sa baki ba. Ni ba na surutu a ofis.

Auta ta buga lambar Tsohuwa. Sai ga sunana ya fito, ga irin motar, har da launinta. Wayar ta ce fara ce. Tsohuwa ta daɗe rabonta da fari, amma na ƙyale.

"Baba, sun ce sun turo 'yan lambobi ta saƙo. Sai an sa su kafin a biya. Duba wayarka."

Na miƙa mata. Ta duba, babu. Ta duba tata, babu.

"Wace lamba ka ba su tun farko?"

Na shiga gyara zaman hulata.

"Baba."

"Lokacin ba ni da waya."

"To ta wa ka bayar?"

"Ta yayanki."

Auta ta ɗora hannu a ka. Mai Hatimi ya kau da fuska, don ya san zancen.

Yayanta shi ne babban ɗana. Kafinta ne, kuma Kafinta nake ce masa. Tun ranar da Tsohuwa ta gogi baron wani mai lemo da magariba, yake cewa in ajiye tuƙi. Ba wanda ya ji ciwo, lemo ne ya watse a titi, na tsaya aka tsince. Amma shi ya kafe, wai idona ya gaji. Muna gaisawa, yana zuwa gida, yana ɗauke mini buta. Maganar mota ce kawai ba ma yi.

"A canza lambar," na ce wa Mai Hatimi. "A sa tawa."

"Ana canzawa, Baba."

"To canza."

"Sai an tura saƙo tsohuwar lambar, mai ita ya yarda."

"Wane mai hankali ne ya tsara wannan?"

"Ba su tambaye ni ba."

Na miƙe. Na ce wa Auta ta shiga mota.

Shagon Kafinta yana bakin titi, gabansa kujeru da gadaje an jera suna shan iska. Muka same shi yana yanka katako, fensir a bayan kunne, garin katako har a gira. Ya ajiye zarto, ya goge hannu a wando, ya russuna.

"Baba, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya. Wayarka."

"Tana nan."

"An turo saƙo."

"Na gani."

"Ba wa ƙanwarka."

Ya jawo benci, ya kaɗe shi da tsumma.

"Zauna tukuna, Baba. A kawo maka ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba."

"Yaya, ka bayar mana," in ji Auta. "Lambobin nan ba sa jira, mutuwa suke yi."

"Su mutu. Ai ana sake turowa."

Na dube shi. Bai ɗaga kai ba, amma bai kai hannu aljihu ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan nan na san inda ya samo shi, ba a wajen uwarsa ba ne.

"Motar wa ce?" na ce.

"Taka ce."

"Sunan wa ke jikinta?"

"Naka."

"To ina ruwanka?"

"Uban wa ke cikinta?"

Auta ta toshe baki da mayafi. Na harare ta, ta mai da dariyar tari.

"Baba, ba rashin kunya nake maka ba," ya ce. "Ka yi tuƙi, ka gama mana komai. Ka huta. In zaman gida ne ba ka so, ga shago, ka zauna kana hana yaran nan ɓarnar ƙusa. In Tsohuwar ce ba ka so ta tsaya, a samo direba."

"Direba."

"Eh."

"Wanda zai sa mata giya kamar yana faɗa da matarsa."

"Sai ka zaɓa da kanka."

"Na zaɓa. Ga shi a gabanka."

Ya sauke numfashi.

"Duk yamma in na ji jiniya gabana faɗuwa yake. Rannan lemo ne. Gobe fa?"

"Gobe ta Allah ce."

"Haka ne. Amma kai ka ce mini mota ba ta san mai ita ba."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Ai hangen nake tambaya, Baba."

Wannan karon Auta ba ta iya ɓoyewa ba. Ta fita waje ta yi abinta ta dawo tana share ido.

"Waɗancan sun mutu," ta ce. "In sake nema?"

"Sake," in ji Kafinta.

Ta danna. Aljihunsa ya yi ƙara. Ya ciro wayar ya duba, ya juya mata baya don kar ta leƙa. Sai ya sunkuya cikin tarkacensa ya ɗauko wani guntun katako mai duhu, girmansa kamar farantin lambar mota. Ya ɗauki alli ya yi rubutu a kai, yana karewa da jikinsa.

"Me kake yi?"

"Ba zan hana ka abinka ba, Baba. Zan ba ka. Amma da idonka za ka karɓa."

Ya fita. Ya tsallaka titi, ya wuce mai faci, ya tsaya gindin falwaya. Ya juyo ya ɗaga katakon sama da hannu biyu.

"Tazarar da ka koya mini in bari tsakanina da motar gaba ke nan," ya ɗaga murya. "Karanta. In ka karanta, ba zan ƙara yi maka maganar tuƙi ba. In ba ka karanta ba, ka ba ni makulli."

Yaran shagon suka daina aiki. Mai faci ya ajiye taya. Har wata mai tallar ruwa ta tsaya.

Na fito bakin ƙofa. Na duba.

Ɗana na gani sarai, da jar rigarsa. Katakon ma na gan shi. Amma abin da ke jiki, fari-fari ne kawai yake yawo kamar tsutsa a ruwa.

Na ƙanƙance ido. Ya ɗan taru, ya sake watsewa.

Na farkon ko uku ne ko takwas.

"In aka sa ba daidai ba ana kulle abin," in ji Auta a hankali. Ta matso kusa da kafaɗata, bakinta ba ya motsi. "Ina gani daga nan, Baba. In raɗa maka?"

"Matsa."

"Ba zai ji ba."

"Ko lasisina ban saya ba. Matsa."

Ta matsa.

Na tsaya. Ga makulli a aljihuna, yana taɓa cinyata. Ga mutane suna kallo. Ga yaro can hannunsa a sama, bai sauke ba, kuma na san ba daɗi yake ji ba.

Na juya na nufi Tsohuwa.

"Baba, ina za ka?" in ji Auta. "Lokaci fa."

Na buɗe ƙofar direba, na ɗaga kujera. A ƙarƙashi akwai gwangwanin da nake tara noti da tsofaffin fulogi. Na buɗe, na ciro wata tsohuwar safa, na warware ta.

Na sa tabarau a fuskata.

Na dawo bakin ƙofa.

"Takwas," na ce. "Ɗaya. Biyar. Biyar kuma. Sifiri. Na ƙarshen bakwai ne, amma ka rubuta shi kamar ƙugiya. Kuma maɓallin rigarka na tsakiya ya fita."

Yatsun Auta kawai ke aiki.

"Ya shiga," ta ce.

Mai faci ya tafa sau ɗaya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya koma kan tayarsa.

Kafinta ya sauke katakon. Ya tsallako a hankali, har wani mai babur ya yi masa hon. Ya zo ya tsaya gabana yana kallon fuskata kamar baƙo.

"Tun yaushe?"

"Tun satin mai lemo."

"Saye ka yi a bakin titi?"

"Ni? Asibiti na je. Likitar ido ta auna ni, ta sa ni karanta allonta har ƙasa. Ta ce da wannan ba ni da matsala, in riƙa komawa ana dubawa. Ina komawa."

"Kuma kana sawa?"

"In na fita gari ina sawa. Ka ƙara jin na taɓa ko kaza?"

"To in ka shigo gari fa?"

"In na kusa tasha ina cirewa."

"Don me?"

Auta ce ta gano. Yarinyar nan kanta yana ja, shi ya sa nake tsoron bakinta.

"Ido Huɗu," ta ce.

Wanda bai san shi ba: ɗan kamashon tasharmu ne, shi ke raba lodi. Sa'ana ne, tare muka fara. Ranar da ya fara zuwa aiki da tabarau, ni na raɗa masa wannan sunan a gaban jama'a, ya bi shi har yau. Jikokinsa ma haka suke ce masa. Sunan ya dace da shi, ban ga laifina ba. Amma mutumin ba ya mantuwa, kuma bakinsa ya fi reza.

Kafinta ya zauna a kan bencin da ya kaɗe mini.

"Saboda Ido Huɗu."

"Ba ka san shi ba ne."

"Ka bar ni ina kwana da fargaba, ina faɗa da kai, ina jin kunyar kaina, saboda kar Ido Huɗu ya yi maka dariya."

"Ka tambaye ni? Hukunci ka yanke. Ba ka taɓa cewa Baba mu je a duba ba. Ajiye, ajiye, shi ke nan waƙarka."

Ya sosa ƙeya.

"Gaskiya ne," ya ce.

"Na sani."

"Yi haƙuri."

"Ya wuce. Gyara maɓallinka."

Auta tana can bakin ƙofa ta ɗaga waya sama tana neman sabis, wata alama a fuskar wayar tana ta juyawa kamar fanka. Ta koma gefen mota, ta dawo, ta hau kan wani kututture. Can sai ta sauko.

"An karɓa, Baba. Tsohuwa ta biya."

"Ina takardar?"

"Babu takarda. Ga shi nan a waya, kore shar."

"In masu duba takardu suka tare ni, in ce musu me? In ce su je gidan mijinki su ga kore?"

"Lambar motar za su buga a tasu wayar, su gani."

"In tasu tana juyawa kamar taki fa?"

Suka dubi juna.

"A buga mini a takarda," na ce. "In kai wa Mai Hatimi ya ciro abinsa daga durowa ya danna mini. Ko ba ya aiki, ina so."

"Za a buga," in ji Kafinta. "Kuma tunda ga mu tare, a canza lambar wayar a sa taka. Badi ba sai ka zo wurina ba."

"Bar ta."

"In bar ta?"

"Tawa ba ta iya karatu. Bar ta a wurinka. In lokaci ya yi zan zo, ka tanadi alli."

Ya sunkuyar da kai yana murza fensirinsa. Na ce a kawo ruwan da aka yi mini tayi, aka kawo, na sha.

Da zan shiga mota ya biyo ni, ya riƙe ƙofar.

"Baba, na yi alkawari ba zan ƙara maganar tuƙi ba."

"To kar ka ƙara."

"Wannan ta tabarau ce."

"Ba a gindaya mini sharaɗi."

"Ba sharaɗi ba ne. A hanya mota ce gabanka, kana ganinta ko ba komai. A tasha ne masu talla ke gilmawa, da masu dako, da 'ya'yan mutane. Inda ka fi bukatarsa nan kake cirewa."

Na tada mota.

"Na ji," na ce.

Ban cire ba har gida. Uwarsu tana tsakar gida tana shanya. Ta dube ni, ta ci gaba da shanyarta.

"Ba ki ga komai ba?"

"Na daɗe ina ganin shatinsa a karan hancinka," ta ce. "Na zuba ido ne in ga ranar da za ka gaji."

Mata ke nan.

Washegari da sassafe na wanke Tsohuwa, na duba mai da ruwa, na kama hanyar tasha. Tabarau yana fuskata. Da na kai kwanar da na saba cirewa, hannuna ya tashi da kansa. Na mai da shi kan sitiyari.

Na shiga ƙofar tasha a giya ɗaya. Ashe an sake fentin rumfar lodi, ban sani ba. Ashe mai shayi ya yi furfura. Wata 'yar talla ta gilma ta gabana da tire a ka, tun daga nesa na gan ta, na ba ta hanya.

Ido Huɗu yana nan inda ya saba tsayawa, gefen sikeli, yana nuna wa masu dako buhuna.

Na tsaya daidai gabansa. Na ja birkin hannu.

Ya juyo zai yi mini tsiyar safe kamar kullum. Sai idonsa ya sauka kan tabarauna.

Ya tako har bakin taga. Ya cire nasa tabarau, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya leƙo ya dube ni sama da ƙasa, bai yi sauri ba.

"Ina kwana," na ce.

"Lafiya lau," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kar tsuntsu ya tashi. "Alhamdu lillahi da Allah ya nuna mini. Zauna nan. Kar ka motsa. Bari in tara jama'a."

Ya juya ya nufi rumfar direbobi, yana tafe yana waiwaye.

Na kashe mota. Na gyara zaman tabarau a hancina, na jira.